Makon da Girar Umma Ta Yi Shiru

A duk layin an san Mai Agogo ba ya ji sosai, amma baƙo sai ya wuni a falonsa bai gane ba. Za ka zauna kana ta zuba, ya yi dariya daidai inda ake dariya, ya girgiza kai daidai inda ake jimami, ka tashi kana rantsuwa kunnen mutumin nan garau yake. Sirrin kuwa yana zaune a kujerar da ke fuskantar tasa, riƙe da kofin shayi: matarsa, wadda yara da manya suke kira Umma.

Injinan maɗaba'ar da ya yi wa aiki tun yana saurayi ne suka cinye masa kunne, kaɗan-kaɗan, har ranar da ya ga bakin mutane yana motsi kamar na kifi a ruwa. Ya bar aikin, ya kafa ɗan teburi a bakin taga yana gyaran agogo. Ba ya jin bugun agogon da ya gyara, sai dai ya manna shi a muƙamuƙinsa ya lumshe ido. An taɓa saya masa na'urar ji, ya ce ba abin da ta iya sai fito, ya jefa ta a durowa. Ya koyi karanta leɓɓa har ya ƙware. Sai dai leɓe kalma kawai yake bayarwa. Ba ya gaya maka ko muryar tana rawa, ko wasa ake, ko ƙarya ake sharara maka. Wannan aikin girar Umma ce take yinsa.

Babu ranar da suka zauna suka tsara abin. Haka kawai ya tsiro a tsakaninsu. In ta ɗaga girar hagu, wasa ake, yi dariya. In ta haɗe su har tsakani ya tattare, to mai maganar nan a yi hankali da shi. In kuwa duka biyun suka tashi sama, suka tura goshi ya yi layi-layi, ma'anarsa: mutumin kirki ne, saki jikinka. Murmushinta bai taɓa shiga lissafi ba, domin Umma ko ma'aikacin wuta ne ya zo yanke musu waya sai ta yi masa murmushi.

"Bakinki na baƙi ne," haka yake ce mata. "Girarki ce tawa."

Shi ya sa yake kiranta Rediyo. Kullum da safe, tun kafin ya laluba tabarau, sai ya ce, "Rediyona, me duniya take ciki?"

Da wannan girar aka tantance mazajen 'ya'yansu mata biyu, kuma ba a yi kuskure ba. Saura Auta.

Auta malamar makaranta ce, mai saurin dariya da saurin kuka. Wata rana bayan an tashi daga makaranta ta faɗo shagon Umma, inda ake ɗinkin labule, ta ratsa yaduddukan da ke rataye, ta tsaya tana murza madaurin jakarta.

"Umma, zai zo ya gaishe ku. Ba wannan Asabar ɗin ba, ta sama."

"Wa?" in ji Umma, da fil a baki, alhali ta sani sarai.

"Umma mana!"

"Au, malamin kimiyyar nan da kike kira abokin aiki kina kallon ƙasa?"

Anti Gayu, ƙanwar Umma mai shagon turare a maƙwabta, wadda magana ba ta taɓa wucewa ta ƙofarta ba tare da ta biyo ta ba, tuni ta leƙo da kwalba a hannu.

"Amma don girman Allah, Umma," in ji Auta, "in ya zo ki saki fuska. Tsoronki yake ji. Ya ga hotonki a wayata ya ce, wai Umman taki mai shari'a ce?"

"A hoton nan fa murna nake yi!"

Anti Gayu ta yi dariya har ta dafa keken ɗinki. Umma ma ta yi. Amma da shago ya yi shiru sai ta je ga ɗan madubin da ke rataye a lungun baya, ta tsaya. Ga layuka biyu a tsaye tsakanin girarta, masu zurfi kamar an tsaga da almakashi. Ga wasu a kwance sun ratsa goshin daga wannan gefe zuwa wancan. Ba tsufa take ƙi ba. Jikoki gare ta, kuma tana alfahari da su. Abin da ya soke ta shi ne fuskarta ta fara faɗin abin da zuciyarta ba ta ce ba. Sau nawa mai sayen labule ya tambaye ta wa ya taɓa ta, alhali lissafin ninki kawai take yi? Yanzu kuma ga yaron da Auta take so yana jin tsoronta tun bai ji muryarta ba.

"Yaya," in ji Anti Gayu daga bayanta, "ai yanzu ba a yanka kowa. Ki shiga da ƙafarki, ki fito da ƙafarki, shayinki bai huce ba. Ni kin ga na yi kama da mai jika?"

"Kin yi kama da mai surutu."

Washegari dai suka tafi asibitin fata.

Likitar fata mace ce mai sanyin magana. Ta zaunar da Umma a ƙarƙashin wata fitila mai haske, ta miƙa mata madubi. "Ɗaure fuska, Mama. Yawwa. Yanzu yi mamaki. Yi murmushi."

"Na farkon nan ba sai an roƙe ta ba," in ji Anti Gayu.

"Tsufan fuska ba abu ɗaya ba ne," in ji Likita, "shi ya sa maganinsa ma ba ɗaya ba ne. Mece ce sana'arki?"

"Labule nake ɗinkawa."

"To bari in yi miki bayani da labule. Akwai yadin da rana ta ci, ya dushe, ya yi kaushi. Wannan ita ce fatar kanta. Ita lallaɓa ta ake yi: man kare rana kullum, da wani mai na dare da ke sa fata ta riƙa sabunta kanta. In ana son ƙari, a shafa wani ruwan magani mai ɓare matacciyar fatar sama, ko a bi ta da na'urar haske. Amma fata mai duhu irin tamu ba ta son garaje, in aka matsa mata sai ta bar baƙin tabo. Kuma abin yana cin watanni."

"Watanni?" Anti Gayu ta zaro ido. "Likita, suruki fa yana hanya!"

Likita ta yi murmushi, ta taɓa kumatun Umma da yatsa. "Akwai kuma inda labule ya saki don abin da ke riƙe shi daga ciki ya ragu. A nan kitsen da ke tallafe fata ne yake raguwa da shekaru. Ana cike gurbin da allurar wani ruwa mai kauri, kamar yadda kike ƙara wa matashin kujera auduga, ya yi watanni, wani har ya haura shekara, kafin jiki ya shanye shi. Wasu kuma ana sa musu siraran zare a ƙarƙashin fata ya ɗan ɗaga ta. Ke ba ki kai nan ba. Kumatunki ƙalau suke."

Umma ta ji wani daɗi ya ratsa ta, irin na yarinyar da aka yaba wa rubutu. Ta nuna tsakanin girarta. "To waɗannan fa? Su suka kawo ni."

"Waɗannan ninki ne. Kin san igiyar da ake ja labule ya tattare? Akwai tsokoki a goshi masu jan fata haka, duk lokacin da kika ɗaga gira ko kika haɗe ta. Shekara da shekaru ana ninkewa a wuri ɗaya, sai shatin ya zauna. Allurar da ake yi wa wannan, wadda kuke ji ana kira botoks, ba cike wani abu take yi ba, igiyar take sa wa barci. Bayan 'yan kwanaki za ta fara aiki, ta kankama cikin mako biyu, ta sake ki bayan wata uku zuwa huɗu. Amma ki ji ni da kyau: in ta shiga ba a zare ta, jira kawai ake yi. Kuma girarki za ta rage motsi sosai. Naki tsokokin ma ƙarfi gare su, kamar na mai wasan kwaikwayo. Akwai wani aiki da kike yi da fuskarki?"

Umma ta yi dariya. "Ni? Da hannu da ƙafa nake aiki, Likita. Keke ba ya kallon fuska."

Har ga Allah kuwa gaskiyarta ta faɗa. Ba ta taɓa ɗaukar abin da take yi wa mijinta a matsayin aiki ba, kamar yadda ba ta ɗauki numfashinta aiki ba.

Likita ta ba da shawarar a fara da tsakanin gira kaɗai a gani. Umma ta tuna da mai shari'a, ta ce a haɗa da goshin gaba ɗaya. Zafin bai wuce cizon tururuwa ba. Aka ce kada ta murza wurin, kada ta kwanta sai an jima. Da ta koma gida ta ce wa Mai Agogo sun je asibiti ne da ƙanwarta, wanda ba ƙarya ba ne, sai dai kunya ta cinye rabin zancen. Yaya za a yi mace mai jikoki ta dubi mijinta ta ce ta je an yi wa goshinta guga?

Gugar kuwa ta kama. Kullum ta duba madubi sai ta ga shatin ya ƙara kwanciya. Masu sayen labule suka fara cewa, "Umma, hutu kika je ne?" Anti Gayu tana ta yawo da kai sama kamar ita ta riƙe allurar.

Mai Agogo ne kaɗai bai yaba ba. Wata safiya ya ajiye kofinsa ya tsura mata ido.

"Rediyo, batirinki ya yi sanyi ne? Kwana biyu kin yi shiru."

"Ni da nake ta surutu tun da gari ya waye?"

"Bakinki ke surutu," in ji shi. "Na yi miki wani laifi ne?"

"Laifin me? Sha shayinka, Baban Auta." Hankalinta yana kan sababbin labulen falo da take son kammalawa kafin Asabar, don haka maganar ta wuce ta saman kanta.

Ranar Asabar da hantsi Malamin Kimiyya ya yi sallama. Dogo ne, rigarsa ta sha guga. Umma tana ganinsa gabanta ya faɗi, ba don wani aibu ba, sai don abin da Auta ta manta ba ta faɗa ba: gashin baki gare shi, baƙi ƙirin, mai kauri kamar buroshin goge takalmi, ya sauko ya rufe leɓen sama ruf. Ga shi kuma yaro mai ladabi, tunda ya zauna kansa yake sunkuye. Ko leɓe ɗaya Mai Agogo ba zai samu ya karanta ba. Yau komai a wuyan Rediyo yake.

Auta ta kawo shayi da biskit, ta koma bayan labulen ƙofa ta laɓe, yatsun ƙafarta suna leƙowa ta ƙasa.

"Baba, ni ba mai iya magana ba ne," in ji saurayin, yana kallon kafet. "A aji ma allo nake kallo. Amma akwai ranar da aka yi ruwan sama bayan an tashi, kowa ya gudu, na hango ta a bakin ƙofar makaranta ta lulluɓe wani ɗan aji ɗaya da mayafinta, ita tana jiƙewa, tana ba shi labari don kada ya yi kuka kafin a zo ɗaukarsa. Tun ranar na san in na rasa ta, na yi asarar da ba ta da gyara."

Muryarsa ta karye a kalmar ƙarshe. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani tsohon agogon hannu, ya ajiye a tebur da hannu biyu.

"Na mahaifina ne. Tunda ya rasu ya tsaya. Ban yarda kowa ya buɗe shi ba. Ta ce mini hannunka ba ya cutar da agogo."

Zuciyar Umma ta narke kamar sukari a shayi. Wannan yaro! Wannan murya mai rawa da ba ta iya ƙarya ba! Ta dubi mijinta ta aika masa da saƙo mafi girma da ta taɓa aikawa: gira biyu, sama, can ƙoli. A ranta ta ji sun tashi har sun taɓa ɗankwali.

Mai Agogo ya dube ta. Ya dubi saurayin. Ya sake dubanta, ya daɗe. Ta ƙara faɗaɗa murmushi, tana jiran ya saki jiki ya fara barkwancinsa. Sai ta ga fuskarsa tana rufewa a hankali kamar shagon da ake ja wa ƙofa. Ya sa yatsa ɗaya ya tura agogon baya.

"Ba na karɓar aiki yanzu," ya faɗa da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa. "Mun gode da ziyara. Ka gaida gida."

"Baban Auta!" in ji Umma. Amma ya riga ya juya fuska ga taga, kuma in ya juya fuska babu mai iya kai masa magana. Saurayin ya miƙe, ya yi tuntuɓe da ƙafar tebur, ya yi godiyar da ba a san ta mece ce ba, ya fita. Ko agogon bai tuna ba. Ƙofar ɗakin Auta ta buga, kukanta ya biyo baya.

Umma ta zagaya ta tsaya tsakanin mijinta da taga, ta kama haɓarsa ta juyo da shi.

"Me yaron nan ya yi maka?"

"Ke za ki gaya mini. Me ya ce? Ciwo gare shi? Tafiya zai yi da ita inda ba za mu sake ganinta ba? Kada ki ɓoye mini, Rediyo."

"Ɓoye me? Yaron kirki ne! Ban gaya maka ba? Da gira biyu na gaya maka!"

"Ba ki ce komai ba." Idanunsa suka kawo ruwa. "Goshinki shafe yake kamar faranti. Tunda nake da ke sau ɗaya na taɓa ganinsa haka: ranar da likitan kunne ya ja ki gefe ya gaya miki ba zan sake ji ba, kika dawo kina yi mini murmushi. Yau na ga murmushin nan, na ga goshin nan. Me kike so in zata?"

Umma ta saki haɓarsa. Ta taka zuwa madubin da ke jikin kabad. Ta ɗaga gira. Matar da ke cikin madubin ta dube ta da goshi sumul, ko gezau. Ta haɗe rai iya ƙarfinta. Matar ta ci gaba da kallonta cikin natsuwa kamar wadda ba ta da matsala a duniya. Sai dariya ta kufce mata, hawaye suka biyo, ta rasa wanne za ta fara tsayarwa. Ta dawo ta durƙusa a gabansa yadda zai ga bakinta da kyau, ta zayyana masa komai: hoton, mai shari'a, Anti Gayu, igiyar labule, cizon tururuwa.

Mai Agogo ya miƙa hannu kan teburinsa ya ɗauko gilashin nan na ido ɗaya da yake duba cikin agogo da shi, ya maƙala, ya matso da goshinta yana nazari.

"Tsayawa ya yi ko lalacewa?"

"Barci yake. Wata uku zuwa huɗu, in ji Likita."

"Wata huɗu ba labarai!" Ya cire gilashin, kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ci ƙarfinsa har da tari. Da ya lafa sai ya bi goshin da babban yatsansa, a hankali, daidai inda layukan suke a da. "Kin san ni na zana su? Wannan na tsakiya, dillalin nan ne da ya so ya sayar mana da gida mai yoyo. Na saman nan kuwa ranar da Auta ta fara tafiya. Fuskarki ce, Rediyo, ki yi mata abin da ranki yake so, kuma wallahi kin yi kyau. Amma in za a ɗauke tasha, a riƙa sanar da mai sauraro."

Auta ta ji labarin, ta yi dariya cikin kuka, ta ruga ta kira saurayin. Ta dawo fuska a jiƙe.

"Bai yarda ba. Ya ce lallashinsa nake yi, wai wa zai yarda an kori mutum saboda gira? Ya ce shi ba zai shiga tsakanin 'ya da ubanta ba." Ta dubi Umma. "Umma, ki kira shi ke."

"A'a," in ji Mai Agogo, wanda ya karanta bakinta tsaf. "Ni na kore shi."

Ranar Lahadi bai tashi daga bakin taga ba sai don salla da abinci. Ya buɗe agogon, ya wanke ƙananan haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga mai da bakin allura. Ranar Litinin da aka kusa tashi daga makaranta ya sa rigarsa mai kyau, ya ce wa Umma ta zo su je.

"Me zan yi maka? Rediyo ba batir."

"Ki zo dai. Ko a kashe take, ina son ganinta a kusa."

A hanya Umma ta lura hannunsa yana shafa aljihu. Ta san abin da ke damunsa. Tunda kunnensa ya tafi bai taɓa buɗe baki ya gaya wa baƙo ba ya ji ba. Girarta ce ta rufa masa wannan asirin shekara da shekaru.

Suka tarar da Malamin Kimiyya a bakin ƙofa, ɗalibai suna ta fitowa. Yana ganinsu ya rusuna, ya sunkuyar da kai.

"Ɗago, ɗana," in ji Mai Agogo. Ya ja numfashi. "Ni kurma ne. Ba na ji. Baki nake karantawa, kai kuma ka dasa daji a kan naka. Duk abin da ka faɗa ranar Asabar, ko kalma ɗaya ban samu ba. Mai fassarata kuma ta tafi hutu." Ya nuna goshin Umma. "Ka maimaita mini. Ka dube ni, ka yi a hankali."

Saurayin ya dubi Umma, ya dubi goshin da ko motsi ba ya yi, sai ta ga gaskiyar ta sauka a idonsa. Ya fara magana.

"Dajin," in ji Mai Agogo. "Ɗaga shi."

Haka Malamin Kimiyya, a gaban ɗalibansa, ya sa yatsu biyu ya ɗage gashin bakinsa sama, ya sake ba da labarin ruwan sama da mayafi da ɗan aji ɗaya, kalma bayan kalma. 'Yan mata suna toshe baki, samari suna faɗuwa kan juna don dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Auta ta fito daga ofishin malamai ta daskare da littattafai a ƙirji. Umma ta lura da abu ɗaya: har aka gama, ko sau ɗaya mijinta bai waiwayo ya nemi girarta ba.

Da saurayin ya kai ga asarar da ba ta da gyara, Mai Agogo ya gyaɗa kai. Ya ciro agogon daga aljihu, ya kara shi a kunnen yaron.

"Ni a ƙashina nake jinsa. Kai ji mini da kunne. Yana tafiya?"

Saurayin ya saki gashin bakin. Ya lumshe ido, hawaye suka gangaro suka shige cikin dajin. Ya gyaɗa kai da ƙarfi.

"To ka dawo ranar Asabar ka ƙarasa shayinka."

Ya dawo kuwa, da leɓe fes kamar na ɗan aji uku. Auta ta buɗe ƙofa ta ƙwalla ƙara, ta ce ita ba wannan ta ce tana so ba, a dawo mata da nata. Anti Gayu ta ce ashe ba Yaya kaɗai aka yi wa gyaran fuska ba, kuma nasa ya fi araha.

Da lokacin komawa asibiti ya yi don a duba aikin, Mai Agogo ya ce da shi za a je. Likita ta saurari labarin tana dariya har ta cire tabarau. Ta ce nan gaba, in Umma tana so, sai a bar goshin ya yi aikinsa, a koma lallaɓa fatar da mai da ɗan ɓarewa mai sauƙi. Layukan ba za su ɓace ba, amma za su yi laushi. In kuma tsakanin girar ne ya dame ta, a taɓa shi kaɗan, a bar sauran.

"A'a, wannan ma a bar mini," in ji Mai Agogo. "Da shi nake gane maƙaryata."

"Ai ba fuskarka ba ce," in ji Umma. Ta yi ɗan tunani, ta dubi madubin. "A bar shi. Amma man nan na dare, Likita, rubuta mini. Da na ranar."

Watannin suka wuce da 'yan dabaru. Ta gwada taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya ce za ta gurgunta shi kafin girar ta farka. Galibi dai yanzu shi da kansa yake ce wa baƙo, "Dube ni, yi a hankali," kuma ya ga babu wanda ya raina shi don haka. Fatar Umma ta yi sheƙi, ta saba da shafa man kare rana kafin ta fita shago, har tana yi wa Anti Gayu gori.

Wata safiya suna karyawa, Auta tana waya da Malaminta a tsakar gida, Mai Agogo ya kurɓi shayi ya ce, ai shi tun ganin farko ya san yaron nan na kirki ne, bai taɓa shakkarsa ba ko na minti ɗaya.

Umma ta dube shi kawai.

Kofin ya tsaya a iska. Ya matso, ya ƙura ido. Can a gefen hagu, a hankali, kamar mai miƙa bayan dogon barci, girar ta ɗan ɗaga.

"Auta!" ya ƙwala kira, har tsuntsayen kan taga suka watse. "Auta, zo ki gani! Tasha ta dawo, kuma wai wasa nake yi!"